Hannun da Na Ara wa Ammi

A tsintsiyar hannun hagun mahaifiyata akwai wani wuri, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, wanda ban taɓa ganin gashi a kansa ba tun da na buɗe ido na san ta. Sumul yake, ya ɗan fi sauran fatarta haske. Ina ƙarama na ɗauka haka Allah ya halicce ta. Sai da na yi wayo na gane sana'arta ce ta bar mata wannan shaidar.

Ammi muke ce mata, yadda 'ya'yan Shuwa ke kiran uwa. Gyaran jiki take yi a gidanmu da ke unguwar Abbaganaram, kuma a cikin gyaran jikin ma an fi saninta da halawa. Ga wanda bai sani ba, halawa sukari ne da ruwan lemon tsami da ɗan ruwa, a dafa su har su zama danƙo, a shimfiɗa a fata a fizge, ta fito da gashi tun daga saiwarsa, ta kuma kwashe matacciyar fatar da ke sama. Mutane sun ɗauka amare kaɗai ake yi wa. A gidanmu amare su ne ma 'yan kaɗan. Malaman makaranta ne suka fi yawa, da ma'aikatan jinya, da masu jegon da suka yi arba'in, da tsofaffin Hajjoji waɗanda ba su yarda tsufa hujja ce ta sakin jiki ba.

Ranar Alhamis take dahuwa. Tun Laraba za ta shiga keke mai ƙafa uku ta tafi Kasuwar Litinin, wadda kullum take ci duk da sunanta, ta sayo sukari, ta tsaya a gaban mai lemon tsami tana zaɓa ɗaya bayan ɗaya har sai ya gaji ya daina yi mata magana. Da hantsin Alhamis za ta hura gawayi a kurfoti ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ta ɗora wata 'yar tukunyar dalma da ba a dafa komai a cikinta sai halawa. Da zarar ta tafasa, Ammi ta ajiye muciya ke nan, ba ta ƙara motsawa. Sai dai ta riƙa goge gefen tukunyar da jiƙaƙƙen ƙyalle, kuma duk yaron da ya matso da sukari a hannu zai sha ranƙwashi. Ta ce ƙwaya ɗaya in ta faɗa ciki, tukunyar gaba ɗaya ta tashi aiki. Mu dai mun saka wannan a jerin camfe-camfenta.

Doka ɗaya ce ba ta taɓa karyawa ba. Duk curin halawar da ta gutsuro, kafin ya sauka a jikin kowa, sai ya fara sauka a tsintsiyar hannunta. Ta shimfiɗa, ta ɗan yi shiru, ta fizge. Sau goma ne a yini, sau goma za ta yi.

"Abin da bai taɓa fatata ba, ba zai taɓa ta 'yar mutane ba," haka take faɗa.

Ni kuwa na tsani sana'ar nan, ba zan ɓoye ba. Na tsani ƙudan da ke bin mu, da ƙasan ɗaki mai kama ƙafa, da yadda 'yan ajinmu ke ce mini 'yar mai halawa. Ina da shekara goma sha huɗu Ammi ta kama ni ta yi mini a ƙwauri sau ɗaya. Na kurma ihun da ya fito da maƙwabta, na kuma rantse ba za a sake ba har abada. Na riƙe rantsuwata da taurin kan da na gada a wajenta. Ko da aurena ya zo, dilka kawai na yarda aka murza mini, halawa kam na ce sai dai a fasa bikin. Reza nake sawa, a ɓoye da farko, daga baya a fili. Ranar da Ammi ta ga rezar a banɗaki, ta ɗauko ta da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ta ajiye a gabana.

Kemistiri na karanta a jami'a, a zatona na yi nisa da tukunyar dalma. Ina aji biyu wani malami ya tsaya a gaban allo yana bayanin sukari. Ya ce sukarin da muke sha tagwaye ne a manne, kuma in aka dafa shi da wani abu mai tsami, tsamin yakan raba su. Muddin suna manne, da sun huce za su jeru su koma ƙwaya-ƙwaya. In an raba wasu daga cikinsu, sai su shiga tsakanin sauran su hana su jeruwa, abin ya tsaya yana danƙo. Ya ƙara da cewa ƙwaya ɗaya tak ta busasshen sukari in ta faɗa cikin irin wannan dahuwar, ita za ta zama tushen da sauran za su taru a kai, a wayi gari tukunya ta koma tsakuwa. Na ajiye biro. Ranƙwashin Ammi na ji a tsakiyar kaina.

Da na dawo gida na zauna na kwashe mata bayanin nan kaf, har da zane a ƙasa. Ta saurare ni tana tsinke ganyen yakuwa.

"To, Malama," ta ce, "nawa aka biya aka gaya miki a sa lemon tsami?"

Daga ranar sunana ya koma Malama a bakinta, tun kafin in fara koyarwa a makarantar 'yan mata.

Ciwon suga ya kama ta tana kusa da sittin. Matan unguwa suka yanke hukunci nan take, wai tururin halawa ne ya shige ta tsawon shekaru. Na yi faɗa da mutum uku a kan wannan maganar, na ce tururin tukunya ruwa ne zalla, sukari ba ya tashi sama, kuma kakata da ba ta taɓa dafa halawa ba da ciwon ta koma ga Allah. Ban ga alamar na canza ra'ayin ko ɗaya ba. Amma ina can ina gardamar tururi, abin da ya kamata in lura da shi ya wuce ni. Ammi takan dawo daga maƙwabta da takalmi ƙafa ɗaya ba ta sani ba. Kofin shayi yakan suɓuce mata. Allura ta gagare ta, ta ce idonta ne. Muka yi ta yi mata dariya, ita ma tana taya mu.

Ranar da abin ya faru ina gidan, lokacin hutu ne, ina zaune a rumfa ina duba takardun jarrabawa. Wadda ake yi wa gyara wata Hajja ce daga unguwar Shehuri, ƙawar Ammi, ta fi shekara talatin tana zuwa. Halawar ta yi tauri a kwano, Ammi ta ɗora ta a kan garwashi ta ɗan saki, ta sauke ta bar ta ta sha iska. Matsalar dafaffen sukari ita ce samansa yakan huce alhali cikinsa wuta ne, kuma in ya kama fata ba ya gangarewa kamar ruwa, mannewa yake yana ci. Ammi ta gutsuro, ta shimfiɗa a tsintsiyar hannunta kamar kullum, ta yi shirunta, ta fizge. Sannan ta shimfiɗa a ƙwaurin Hajja.

Hajja ba ta yi ihu ba. Numfashi kawai ta ja, ta ce a hankali, "Yau kam ta ɗan yi zafi."

Yadda ta faɗa ne ya sa na tashi. Na tarar wurin ya yi jawur. Na jawo buta na yi ta kwarara ruwa, ruwan ya narkar da halawar ya kuma janye zafin. Hajja tana cewa a kawo man goge baki, wata maƙwabciya tana cewa ɗanyen ƙwai, na ce babu abin da zai taɓa wurin nan sai ruwa, a cika mini wata butar. Ina cikin haka idona ya kai hannun Ammi. Wurin nan mai sumul ya ɗuri ruwa, ya tashi fal. Kan yatsunta biyu ma haka. Ita kuwa tana tsaye tana kallon ƙafar Hajja, ba ta ma san da nata ba.

A nan na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na kama hannunta na ɗaga a gaban baƙuwa da maƙwabciya, na ɗaga murya.

"Ammi, tun yaushe ba kya ji? Kin sani kika ɓoye! Sai kin ƙona mutum tukuna?"

Ta dubi hannun, ta dube ni. Ta zare shi daga nawa a hankali, ta shige ɗaki. Tsoro ne ya sa ni faɗa, amma ita tonon asiri ta ji, kuma gaskiyarta ce.

Likita ya tabbatar da abin da na riga na zata. Ciwon ya cinye ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da sanyi, ya fara daga tafin ƙafa, yanzu ya hau hannu. Ya ce za a iya rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Da muka dawo Ammi ta wanke tukunyar dalma da kanta, ta kife ta a saman kabad. Duk wadda ta yi sallama don halawa, sai ta ce mata ta daina. Ta hana a ce ba ta da lafiya, cewa take a ce ta daina kawai.

Wata biyu na ga uwata tana ƙanƙancewa. Matar da ba ta taɓa bari lallen ƙafarta ya goge ba, ta bar shi ya goge. Ta daina kunna turaren wuta. Alhamis ta zo ta wuce kamar Talata. Ba abinci ta rasa ba, mu 'ya'yanta muna nan. Abin da ta rasa shi ne matan nan da ke cika mata tsakar gida suna miƙa mata ƙafa ido a rufe. Na tabbata in ba a mayar mata da tukunyar nan ba, zaman zai kashe ta kafin ciwon.

Sai na tafi da abin da na iya. Na sayo ma'aunin zafi irin na masu yin alewa, na sauko da tukunyar ba tare da na nemi izini ba, na hura gawayi. Lissafina mai sauƙi ne. Yayin da ruwa ke ƙonewa daga cikin sukari, zafin tafasarsa ƙaruwa yake yi, don haka ma'auni zai gaya maka yawan ruwan da ya rage. In ya kai wajen digiri ɗari da ashirin, an zo wurin. Na yi ta farko ta yi kyau, na kai mata har ɗaki ina taƙama. Ta kalla ta kau da kai.

Ta biyu a farkon damina na yi ta. Ma'auni ya kai inda ya kai a karon farko, na kai hannu zan sauke, sai na ji murya daga bakin ƙofa.

"Da saura."

Ammi ce, zaune a kan tabarma, ba ta ma kallon wajena.

"Ammi, ma'auni ya nuna ta yi."

"Ma'aunin naki ya ga hadarin da ke gabas? Saurari tukunyar. Tana ta surutu har yanzu. In ta yi, magana take ɗaya-ɗaya, kamar tsohuwa."

Na yi taurin kai na sauke. Kafin la'asar halawar ta saki, ta zama kamar zuma, ta kama yatsu ta ƙi fita. Na san dalili sarai, a littafi na karanta shi: sukarin da aka raba da tsami mayen ruwa ne, daga iska ma jawo shi yake. Iskar damina a jiƙe take, dole a ƙara wa dahuwa lokaci. Na san wannan, amma ban taɓa haɗa shi da sararin samaniyar Abbaganaram ba. Haushi ya kama ni, sai dai a ƙarƙashinsa murna ce, don na gane kunnenta da idonta da hancinta duk suna nan daram. Fata ce kawai ta tafi.

Na ce mata to shi ke nan, ta dafa da kunnenta, in an zo shafawa a soka ma'auni a curin, in bai wuce ɗumin jiki da yawa ba a shafa. Ta karɓi ma'aunin ta jujjuya shi.

"Wannan yana da fata?"

"Ba shi da ita, amma ba ya ƙarya."

"Inda kika soka shi kaɗai zai faɗa miki. Gefen fa? Tsakiyar fa?" Ta miƙo mini abina. "Na ƙona mace a gidana, Malama. Ba zan sa wa 'yar mutane abin da ƙarfe ne kaɗai ya ɗanɗana ba."

Na ce wannan taurin kai ne. Ta ce ai na san inda na samo nawa. Na ɗauki jakata na tafi gidana ina huci, na yi mako guda ban leƙo ba.

Alhamis ɗin da na dawo, na tarar da Hajjar Shehuri zaune a tsakar gida. Ƙunar ta warke, ta bar tabo kamar faɗin kwabo. Ta amsa gaisuwata da "Wushe, wushe" irin tasu ta Barebari, sannan ta ci gaba da maganar da na katse. Ta janye zaninta ta nuna wa Ammi ɗaya ƙafar.

"Dubi nan. Wata uku ke nan. Ƙafa ɗaya kika yi mini, kika bar ni da ɗaya kamar ta akuya. Ni ba zan je shago yara su yi wasa da ni ba."

"Hajja, na daina."

"Ni ban daina ba."

Ammi ta ɗaga hannunta na hagu, ta juya mata tsintsiyar. "Da me zan gwada? Wannan itace ne yanzu."

Hajja ta juyo ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta tsaya a hannuna.

"Ke Malama, naki na ado ne?"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na yi makonni ina neman na'urar da za ta maye gurbin fatar Ammi, alhali ina yawo da irinta a jikina. Na tuna rantsuwata ta shekara goma sha huɗu, na tuna rezar da aka ajiye a gabana. Na tashi na sauko da tukunyar, na hura gawayi, na ajiye muciya kusa da Ammi, na koma gefe. Ta daɗe tana kallon wutar. Sannan ta ce in miƙo mata lemon tsami.

Da kunne ta dafa. Na soka ma'aunina don kaina, ta bar ni. Da ta huce ta gutsuro curi ta murza shi har ya yi fari-fari. Na naɗe hannun rigata na miƙa mata hannun hagu. Ta riƙe shi, ta dube ni.

"Kin rantse fa."

"Zan yi kaffara, Ammi."

Ta shimfiɗa. Na rufe ido na saurara, yadda na ga tana yi tun ina yarinya.

"Da ɗan zafi a tsakiya. Ki ƙara murzawa."

Ta ɗebe a hankali, ta murza, ta ja, ta naɗe, ta sake shimfiɗawa.

"Ta yi," na ce.

Ta fizge. Na kurma ihu irin na wancan karon, ni uwar 'ya'ya uku. Hajja ta yi dariya har da hawaye, Ammi ma ta yi, karo na farko tun ranar ƙunar. Sannan ta juya ta kama ƙafar Hajja.

Shekara huɗu muka yi a haka. Ta tattara aikin ya koma Alhamis kaɗai, daga azahar, lokacin da na taso daga makaranta. In na makara mata su jira, don ko curi ɗaya ba ta shafawa sai na zo. Ni ke taɓa mata kwano, ni ke sauke tukunya, ni ke duba yatsunta bayan an gama ko akwai ƙunar da ba ta ji ba. Fatata ta koyi abin da ma'auni bai sani ba: ɗumin da ƙwaurin tsohuwa zai ɗauka daban, na hammatar mai jego daban. Ni ma na koya mata abu ɗaya ko biyu. Na gaya mata dalilin da ya sa take shafa man kaɗanya tun jiki da ɗan laima, cewa man ba ya kawo ruwa, rufe wanda ke fatar yake don kada ya tsere. Ta ce ashe dai kuɗin makarantar bai tafi a banza duka ba. A cikin wata na shida na lura tsintsiyar hannuna ta yi sumul, faɗin yatsu uku. Na nuna mata. Ta shafa wurin da babban yatsanta, ta daɗe tana shafawa, ko da yake na san ba ta jin komai.

Ban taɓa ba ta haƙuri da baki a kan faɗan da na yi mata gaban Hajja ba. Na sha niyya, in na buɗe baki sai ta aike ni ɗauko wani abu. Ina jin ta gane.

Bara Ammi ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Na yi kuka kamar kowa, na karɓi gaisuwa, na koma aiki. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki ina rubutu a allo, hannun rigata ya zame, na ga gashi ya fara tsirowa a wurin, siriri, baƙi. Na ƙarasa darasin da kyar.

Alhamis na je Abbaganaram. Na sauko da tukunyar dalma, na hura gawayi a ƙarƙashin darbejiya, na bar ma'auni a jaka. Na jira har tukunyar ta koma magana ɗaya-ɗaya, na sauke. Da ta huce na gutsuro, na murza, na shimfiɗa a tsintsiyar hannuna, na rufe ido.

"Ta yi, Ammi," na ce.

Na zauna da hannu a miƙe ina jira. Sai da halawar ta sandare a fatata sannan na tuna ni ce zan fizge.